Ƙirgar Tabo

Likita ta ce, "Babu shi a jini, babu shi a ɓargo."
Muka tsaya a farfajiyar asibitin Valdivia
kamar waɗanda aka sauke wa kaya
amma wuya bai samu labari ba.
Yau shekara biyu da wata huɗu,
har yanzu a karkace muke tafiya.

Maite ta dawo Ancud da hular ulu.
Gashin da ya tsiro ba nata na da ba ne:
wancan miƙaƙƙe, baƙi wuluk,
wannan a nannaɗe, da ja-ja a baki.
Kakarta ta shafa, ta ce, "Aro aka ba mu,"
sai ta kama bakinta,
ta fita duba tumaki ana tsuga ruwa.

Maƙwabta suka kawo buhun dankali da kyafaffen kifi,
suna cewa an gama, an gama, a gode wa Allah.
Mun gode.
Su dai ba su ga Yasna da tsakar dare ba,
da fitilar waya, tana ɗaga bargo a hankali
tana ƙirga tabo a ƙwaurin 'yarmu.
Wannan na keke ne.
Wannan na ƙofar akurki.
Wannan fa?
Wannan daga ina?

A wasu gidajen zazzaɓi mura ce,
a dafa shayi, a zuba zuma, a kwanta.
A namu gidan jaka ce a bayan ƙofa
da ba a taɓa kwance ta ba,
da kuɗin jirgin fito a cikin safa.
Sankarar jini ta tashi daga gidan,
ta bar mana mai gadinta.

Baltasar yana shekara bakwai muka bar shi wajen kaka.
Muka dawo muka tarar ya iya faskare,
ya iya haɗiye tari.
Rannan muna toshe tsagar kwalekwale
ya ce, bai ko ɗago ba,
"Baba, in ni ma na kwanta,
za ku zauna kusa da ni haka?"
Guduma tana hannuna. Na rasa inda zan sa ta.

Malama ta aiko da takarda:
lissafi yana zille wa Maite,
abin da ta riƙe da safe ya zube kafin la'asar.
Ƙafar hagu tana ɗan jan ƙasa in ta gaji.
Zuciya ma, an ce, sai an riƙa leƙa ta
saboda jan maganin nan da ya ceto ta.
Ba wanda ya ce mana ceto kyauta ne.
Mu ne dai ba mu tambayi farashi ba,
kuma ko an faɗa, da mun biya.

Duk bayan wata huɗu mu haye ruwan Chacao da asuba.
Ita ke miƙa hannu, ita ke nuna jijiya:
"Ba wannan ba, waccan ta fi bayarwa."
Mu kuwa mu zauna a benci
muna karanta fuskar duk mai farar riga.

Jiya ta hau kwalekwalen da na kife a bakin gaɓa.
"Sauko" ta zo har haƙorana, na danne ta.
Ta yi tsalle. Ta zame. Gwiwa ta daki dutse.
Na durƙusa ina kallon jinin,
ja, yana gangara,
yana gangara,
ya rage gudu,
ya tsaya da kansa.

Ta ce, "Baba, ƙujewa ce fa kawai."
Ta share da hannun riga, ta sake hawa.

Da dare na riga Yasna magana:
"In kin ga na gwiwar dama, kada ki ƙirga shi.
Wannan a gabana aka yi."